Darasi na 9: Kyautar Abinci Lokacin Sallah, Ta Gida Da Ta Kanti

Ga mai jagorantar zama: A yi wannan darasi tun kafin Azumi ya kama, in da hali a watan azumin tsofaffi. In aka bari sai Sallah ta matso, magana kawai za a yi, domin kowa ta riga ta ƙulla abin da za ta yi. A tanadi tsakuwa ko ƙwallayen dabino kamar hamsin, da faifai biyu, da gwangwanin madara ko ledar sukari wadda rubutun jikinta bai goge ba. A fara bayan an gama zubi an rufe akwati.

'Yan uwa, babu wadda ba ta san nauyin da ke hawa kan mace ba idan Sallah ta gabato. Maigida yana fama da nasa, ga zakkar fidda kai, ga ɗinkin yara, in Babbar Sallah ce ga maganar rago. Amma kwanukan da ke fita daga gida zuwa gida, wannan fagen namu ne. Akwai na uwar miji, akwai na iyayenki, na goggo, na facala, na aminiya, na maƙwabta, na malamin allon yara. Ga yara masu yawon Sallah da ba a korarsu hannu wofi. Ga tukuici, wanda kusan kowa ke mantawa da shi wajen lissafi: duk yaron da ya shigo miki da kwano sai kin sa masa wani abu a hannu, kuma kwanon kansa ba a mayar da shi wayam.

Wannan darasi bai zo don ya hana kyauta ba. Kyauta tana raya zumunci, kuma macen da ba ta bayarwa ita ma ranar tata za ta ji shiru. Abin da za mu duba shi ne yadda za ki ba mutum abin da bakinsa zai ji daɗi, tukunyarsa ta amfana, ke kuma jarinki yana nan bayan an watse.

Mu fara ƙirga kwanaki

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa Sallah take ja da baya kowace shekara. Babbar Sallah ta 2023 ta faɗo a ƙarshen Yuni, ta 2024 a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkon Yuni. Ƙaramar Sallah kuwa daga Afrilu ta koma ƙarshen Maris a 2025. Wato a waɗannan shekaru Sallolin biyu suna samunmu ne tsakanin tsananin zafin bazara da faɗuwar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ana neman kuɗin iri da taki da na 'yan ƙwadago.

Yanzu ku duba wannan. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana 70 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. A ƙa'idar yawancin ƙungiyoyi irin tamu, rance ana biyansa cikin sati 12, wato kwana 84. To, idan mace ta karɓi rance saura sati guda Ƙaramar Sallah don ta yi cincin da kayan rabo, yaushe wa'adinta zai cika? Sati guda bayan Babbar Sallah. Ta kashe na farko, ta kashe na biyu, ga gona tana kira, ga akwati yana jira. A nan ne ake sayar da akuyar kiwo a farashin banza, domin bayan layya kasuwar dabbobi takan faɗi. Mutanen da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, irin wannan suka gani.

Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991, kuma ƙarfinsa guda ne: kuɗin da ya fita daga akwati yana dawowa, wata ma ta samu. Cincin ɗin da aka raba ba ya dawo da ko kwabo. Don haka kuɗin kyauta daban, rancen sana'a daban.

'Yan uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiya, tasu ta ɗan fi sauƙi, tunda Kirsimeti kullum 25 ga Disamba take, bayan kaka, akwai abinci a gida. Amma su ma kuɗin makarantar Janairu na tsaye a bakin ƙofa. Duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe su.

Abin da ke hannunmu

Mu ɗauki gyaɗa, domin babu amfanin gonar da ya kai ta yawan kyauta. Kin soya, kin murje, kin fece, an niƙo, kin matse da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso. Ga kyauta ta farko, man gyaɗa mai ƙamshi wanda 'yar uwarki ta birni ba ta samun irinsa a kanti. Tunkuzar kin mulmula kin soya, ga ƙuli-ƙuli, kyauta ta biyu. Wanda ya farfashe kuma ba asara ba ne, ki daka shi da barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba da gishiri, ga yaji, kyauta ta uku. Aiki ɗaya, gida uku.

Sai dai a kula da tsintar gyaɗa. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a fitar da ita. Irin wannan tana ɗauke da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma hana yara girma yadda ya kamata. Wuta ba ta kashe ta, don haka kada wata ta ce ai suya za ta gyara. Kada kuma a zuba wa kaji ko akuyar tatsa.

Daddawar kalwa ma babbar kyauta ce, kuma ni a ganina an raina ta ne kawai don ana ganinta kullum. Ki kai wa matar da ke zaune a Kano ko Abuja ko Yamai daddawar gida mai kyau, wadda ta bushe sosai, ki ga yadda za ta ɓoye ta. Haka garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir, tattasai, zoɓo, tsamiya. Duk waɗannan lokacin arahar su ake tanada. Tumatir da tattasai a shanya su kan tabarma mai tsabta a sama, ba a gefen kwalta inda ƙura da awaki ke bi ba. Zogale da sauran ganye kuwa a inuwa ake shanya su, rana tana cinye korensu da amfaninsu. Idan aka haɗa kuka da daddawa da yaji da kauɗa a ƙaramin kwando aka rufe da faifai, an ba mutum miyar sati biyu ko fiye.

Kayan zaƙi kowa da wanda ta iya. Kantun riɗi ya fi sauƙi: a rege riɗi a fitar da yashi, domin yashi ɗaya a haƙori ya ɓata kyautar duka, a shanya, a soya sama-sama, a narka sukari ko mazarƙwaila a zuba, a baza a faranti da aka shafa wa mai, a yanka tun yana da ɗumi. Alkaki yana son haƙuri, sai tsakin alkama ya kwana ya yi tsami kafin a murza a soya, kuma a ɗiga ruwan tsamiya ko lemon tsami cikin ruwan sukarin don kada ya daskare ya koma ƙanƙara a jiki. Nakiya ta fi su duka cin kaya, ga shinkafa, ga zuma ko sukari, ga man shanu da kayan ƙamshi, ga kirɓi mai karya kafaɗa, amma tana watanni ba ta lalace ba. Shi ya sa iyayenmu suke sa ta cikin gara. Ita ba ta rabon unguwa ba ce, ta mutum ɗaya ko biyu ce da kike son girmamawa.

A Babbar Sallah kuma ga nama. Ɗanyen nama a wannan zafin ba ya kwana lafiya, kuma ranar kowane gida cike yake da shi. Mai dabara takan raba wanda za a raba ɗanye, musamman ga waɗanda ba su samu yanka ba, sannan ta ware wani ta yi dambu. A dafa da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri har ya yi laushi ruwan ya tsotse, a daka a turmi, a soya a mai kaɗan kan wuta marar ƙarfi ana juyawa har ya bushe ya yi wara-wara. Sirrin daɗewarsa bushewa ne. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba zufar da zai yi a cikin mazubi ita za ta kawo fumfuna. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da hannu ba. Dambun da ya isa wurin tsohuwa sati biyu bayan Sallah, lokacin da ƙamshin suya ya bar gari, ya fi ƙaton tsokar da aka kai mata ranar yanka.

Abu ɗaya a riƙe: naman layya ci ne da kyauta da sadaka, malamai sun ce ba a sayar da shi. Wadda ke dambu ko kilishi na sayarwa ta sayi namanta daban wurin mahauta.

Mazubi ma yana da magana. Kwalba ko roba mai murfi a wanke ta bushe ƙarau. Jarka ko robar da aka taɓa zuba maganin feshi ko maganin ciyawa a ciki, ko an wanke ta sau goma, ba ta abinci ba ce. Wannan babu sassauci a kai.

Ta gida ba kullum ta fi araha ba

Ga mai jagora: a ajiye faifai biyu a tsakiya. A yarda cewa tsakuwa ɗaya daidai take da zubi ɗaya na ƙungiya. A tambayi wadda ta saba yin cincin ta lissafa abin da take saye, ana jefa tsakuwa a faifan farko bisa farashin kasuwar wannan satin.

Za ta ce fulawa, sukari, bota, mai. A tambaye ta, ƙwai fa? Madara fa? Itace ko gawayi? Ledar ƙullawa? Kuɗin mota zuwa kasuwa? Yinin da ta yi ba ta yi awarar sayarwa ko dakau ba, nawa ta rasa? Sannan a faifai na biyu a lissafa ƙuli-ƙuli da yaji na gida adadin gidajen da za a kai wa cincin ɗin, ita ma gyaɗar a sa mata kuɗi kamar da za a sayar da ita. A bar mata su ƙirga da kansu.

Abin da akan gani shi ne, cincin da dubulan da kek sunansu na gida, amma kusan komai nasu daga kanti ya fito. Hannunki kawai kika sa. Ba laifi ba ne a yi su, yara suna so, Sallah ma ba ta cika ba sai da su a wasu gidajen. Amma ki san cewa saye kika yi, kada ki ce kin yi tattali. Kyautar gida mai sauƙi ta gaskiya ita ce wadda tushenta ya fito daga gonarki ko dajin garinku, kika tanade shi tun kaka. Gyaɗa da riɗi da wake da za ki taɓa a watan Azumi, a watan da ake girbi ake ware su. Wake a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai tsabta a cika ta a toshe bakin, ƙwari za su mutu don rashin iska, babu buƙatar barbaɗa magani.

Ta kanti

Akwai inda ta kanti ta fi. Goggon da ke noma gyaɗa ta fi ki iya ƙuli, kai mata shi kamar kai wa mai rijiya ruwa ne. Ita sukari da ganyen shayi za su fi burge ta. Gidan da ke da yara da yawa kuma hannu ya yi ƙasa, taliya ko shinkafa ko man girki sun fi musu alkaki nesa ba kusa ba. Lemon roba da biskit suna da kyan gani a tire, amma minti biyar an gama da su, kuɗinsu kuwa zai sayi abin da za a ɗora a murhu.

Tsakanin gida da kanti akwai kayan kasuwa da wasu suka ƙware a kai: dabino, mazarƙwaila irin ta ƙasar Maƙarfi, zuma, man shanu daga hannun matan Fulani, cuku daga Nijar, kilishi. Dabino kam kafin Azumi ake sayensa, in wata ya tsaya kowa nemansa yake.

Ga mai jagora: a zagaya da gwangwanin ko ledar da aka kawo, kowa ta riƙe ta gani. A nuna inda ake rubuta ranar lalacewa, yawanci kusa da haruffan EXP ko BB. Wadda ba ta karatun boko ta tafi da ɗanta ko 'yarta ɗan makaranta, ba abin kunya ba ne. A Najeriya a duba lambar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, a bar wa mai shi kayansa ko da rabin kuɗi ya ce. Gab da Sallah ne ake fito da tsofaffin kaya daga lungun shago, saboda an san mutane suna sauri. Man girki da sukari da fulawa masu ɗauke da alamar ido a jiki, an ƙara musu sinadarin bitamin A, in farashi ɗaya ne su za a ɗauka. Kuma ba kowane farin gari da ake aunawa daga buhu ne madara ba, wani na gyara shayi ne kawai.

Saye ɗai-ɗai shi ke cin kuɗi. Mata biyar ko shida su haɗa su sari katan na taliya ko buhun sukari su raba, mutum biyu su je kasuwa a madadin kowa. Haka suya: tukunya ɗaya, mai ɗaya, wuta ɗaya, kowa ta kawo kwaɓinta.

Wa za a kai wa?

Kafin ki ɗaura niyyar abin da za ki yi, fara tuna bakin da zai ci. Tsoho marar haƙori da kilishi ko ƙuli mai tauri, ai jikoki kika yi wa kyauta. Shi dambu, ko garin kunu, ko fura mai laushi. Mai ciwon sukari kada a tula masa nakiya da dubulan don a nuna ana sonsa, a kai masa acca ko alkama ko kayan miya. Mai hawan jini a rage gishiri da magi a yajinsa. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi, don haka kyautar gidan mai jego ta uwar ce: gyaɗar kunu, man shanu, dambu. Gidan da ke da yaran yaye a yi musu garin kunu mai haɗi. Awon da ake yawan koyarwa shi ne gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sannan a haɗa a niƙa.

Wata magana kuma da ba a cika son faɗa ba. Da yawa daga cikin kyautar da ke karya mu ba don wanda za a kai wa ake yinta ba, don idon facala ko kishiya ake yi. Ta kai kwano uku, ni sai na kai huɗu. Uwar mijin da ake wannan tsere dominta, wataƙila abin da take so bai wuce daddawa da goro ba.

Gajeren wasa

Mata biyu su tashi su yi, ɗaya shugabar ƙungiya, ɗaya amaryar da ba ta daɗe da shiga ba.

"Inna, ina wuni. Dama rance nake so, na dubu ashirin."

"Lafiya lau, 'yar nan. Wace sana'a za a ƙara wa jari?"

"Wallahi Inna ba sana'a ba ce. Sallata ta farko ke nan a gidan, ga dangin miji, ga facaloli biyu. In ban yi abin kirki ba, kin san bakin mutane."

"Na sani sarai, mu ma an yi da mu. To da me za ki biya?"

"Allah zai kawo."

"Allah na kawowa. Amma wa'adinki bayan layya zai cika, ana tsakiyar shuka. Ba ke ce aka ce kin iya alkaki ba?"

"Na iya, Inna, wurin kakata na koya."

"To shi ne maganar. Ki zagaya gidan ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, ki ji masu so, kowa ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Ki dawo ki gaya wa ƙungiya nawa kika samu, sai a duba rancen da zai ishi wannan aikin. Na surukanki ki fitar daga riba."

A tsaya nan a tambayi zama: shugaba ta kyauta ko ta tsananta? In amaryar ba ta iya komai na sayarwa ba fa, me ƙungiya za ta ce mata? A bar muhawara ta yi tsawo, kada mai jagora ta yi saurin yanke hukunci.

Asusun taimakon gaggawa na rashin lafiya ne da rasuwa da gobara, ba a taɓa shi don Sallah. In akwai 'yar ƙungiya ko maƙwabciya da mijinta ya rasu, ko mai riƙon marayu, kowa ta kawo gwangwani ɗaya na abin da take da shi, gero ko wake ko gyaɗa, a haɗa a kai mata da sunan ƙungiya, da daddare, ba tare da gayya ba.

Kafin zama na gaba

Kowa ta ƙirga gidajen da take kai wa kwano, ta zo da tsakuwa ɗaya a madadin kowane gida. Ta raba su kashi biyu a bakin zanenta: waɗanda za ta iya yi wa daga abin da ke ɗakinta yanzu, da waɗanda sai ta saya. Ƙungiya kuma za ta yanke ko tana son buɗe ƙaramin zubin Sallah a jaka daban, nawa za a riƙa sawa a sati, da ranar da za a fasa shi, wadda ya kamata ta zo kafin kayan kasuwa su tashi. Masu son shiga sarin sukari da taliya su ba magatakarda sunayensu a zaman.